Masu Tauna Ganye

Tun da hamada ta haɗiye garuruwan arewa, doka ɗaya ce a Rafin Kanya: ranar sunan jariri ake dasa masa bishiya. Muddin tana da rai, yana da wurin zama a gari. Ranar da ta bushe kuwa, sai a raka shi ƙofar ganuwa, inda babu komai sai yashi.

Da safe Tabawa ta kai ruwa gindin darbejiyar 'yarta Ladidi, wadda ko yaye ba a yi mata ba. Tana ɗaga kai ta ga ganyen reshen ƙasa ya yi ruwan ɗorawa. Ta tsinke shi da sauri, ta rasa inda za ta ɓoye, don masu duba bishiya har ƙullin zane suke kwancewa. Sai ta cusa a baki.

"Tabawa, an tashi lafiya?"

Baba Sallau ne, mai gadin kurmin da ake dasa bishiyoyin. Ta durƙusa, ɗaci ya cika mata baki, gaisuwa ta gagara.

Tsohon ya matso, ya rage murya. "Tauna sosai ki haɗiye, 'yata. Kada ki tofar, har ƙasa suke tonawa."

Da ya buɗe baki ta ga harshensa, shi ma ya rine. Ta juya a hankali ta dubi kurmin. Kowace bishiya da mace a gindinta, babu mai gaida wata, kowa tauna take yi.