Abin da Likita Ya Ce a Kan Gadon Andarawus

Rahila ta tare malamin asibiti a bakin ƙofa.

"Malam Mika'ilu, mene ne hagad? Na ji Baturen likita ya faɗa a kan gadon maigidana."

Tun da Andarawus ya dawo daga yaƙin basasa yake tari. Ita ce noma, ita ce jinya, ita ta ɗauko shi daga Dukku zuwa Kontagora a motar gyaɗa. Yau dai ciwon ya samu suna, ta san magani ya kusa.

Mika'ilu ya sunkuyar da kai. "Ba sunan ciwo ba ne. Haka Turawa ke ce wa wanda wahala ta cinye, ya rame, idanu suka zurma."

"Haka yake kuwa! To wace allura za a yi masa?"

"Baiwar Allah, ai da ke likita yake. Ya ce a ba ki abinci, ki huta."

"Shi fa?"

Mika'ilu ya waiwaya ya dubi gadon Andarawus.

"Ya ce ki mayar da shi gida yau, ya ga 'ya'yansa."