Daren da Wata Ya Fara Farfashewa

Da almuru mai gyaran agogo ya hau saman bene da madubin hangen nesa a hammata, yana korar ƙudaje daga fuskarsa. Tun safe suke binsa, tun da ƙofar shago ta sauko ta doke shi a gefen goshi.

A rediyo ya ji cewa duwatsun sama kan faɗa wa wata, mai sa'a kan ga ƙyallinsu. Shi kuwa ya riga ya cika wa 'yan layinsu baki cewa idon da ke ganin hanjin agogo ba abin da zai ɓuya masa.

Ya kafa idonsa na dama, na aiki, ya runtse ɗayan. Wal! Wani haske ya tsarga gefen wata. Ya yi dariya. Sai na biyu, sai na uku, sai suka zubo kamar tartsatsin walda. Dariyar ta maƙale.

Daga nan wani baƙin abu ya taso daga ƙasa yana cin watan a hankali. In wata ya farfashe, ina ɓaraguzan za su zuba? Ga autarsu tana hanya, ba ta dawo daga aiki ba.

"Ke! Hau da sauri! Kira auta ta shige ko'ina ne mai rufi!"

Matarsa ta hau tana goge hannu a zani. Mutumin da ya taɓa mayar da agogunan gidan baya don tsokana har surukinsa ya rasa jirgi, wa zai gaskata shi? Ta leƙa madubin, ta daɗe.

"Baban yara, ka girma mana. Ga wata nan fes kamar faranti."

"Wallahi ba wasa nake ba! Rabinsa ya tafi!"

"Ƙudajen ma da kake ta kora, ni ko ɗaya ban gani ba."

Ya ture ta ya sake dubawa. Duhun ya ƙaru, duwatsu na ta sauka. Ya ɗago zai rantse mata, idon hagu har yanzu a runtse.

Baƙin abin ya riga ya cinye rabin fuskar matarsa, tartsatsin kuma na ta faɗuwa a kumatunta.