Rabin Rezar Inna

Shekarar da ruwan dam ɗin Goronyo ya fara kaiwa gonarmu, ko'ina a gidanmu warin albasa ne. Wata rana bayan la'asar, kakata Inna ta zube ƙyallayen atamfa kan tabarma, za ta haɗa wa ƙanena mayafi. A cikinsu akwai guntun zanen mahaifiyarmu, shuɗi mai ganye. Shi kaɗai ya rage bayan an yi sadaka da tufafinta.

Inna ta karya reza gida biyu, ta naɗe gefe guda da zare, ta miƙo mini. Ta shimfiɗa guntun zanen bisa katako.

Na ce, "Inna, in na ɓata shi fa?"

Ta ce, "Ɓata mi? Zare guda za ki ja, shi ka nuna miki hanya. Lanƙwashe yatsunki, ki tura rezar gaba, kada ki jawo ta wajenki."

Na ja zaren, na bi layin a hankali. Dab da ƙarshe yankan ya karkace. Idona ya cika da hawaye. Inna ta ɗaga ƙyallen, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Uwarki ma haka yankanta yake." A tsakiyar mayafin ta ɗinka shi.

Jiya ɗiyata ta nemi reza za ta fiƙe fensir. Na so in karɓa in fiƙe mata. Sai na zauna gefenta, na ce, "Tura gaba, kada ki jawo ta wajenki."