Karen Baba Ba Ya Zuwa Kogi

"Karen nan yana tonon ƙasa a bakin kogi?" likitan dabbobi ya tambaya, yana duba gyambon ƙafarsa.

"Ina! Shi da Baba kullum suna gida," in ji 'yar tsohon da ke da karen. "Tun da aka yi wa Baba aikin zuciya aka hana shi kamun kifi."

Tsohon ya ƙura wa silin ido. Karen ya yi tari, ya ɗora haɓa a gwiwarsa.

"Na so in ce cutar naman gwari ce, wato wata irin funfuna mai shiga huhu," in ji likita. "A jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye take, kare ya tona ya shaƙa. Tana jin magani in an tare ta da wuri. Amma tunda ba ya zuwa, sai mu yi sati biyu muna lalube."

"Sati biyu?" Tsohon ya shafa kan karen, ya nisa. "Likita, rubuta maganin. Da 'yar nan tawa ta tafi aiki muke sulalewa kogi. Shi ke tono min tanar ƙugiya."

"Baba!"

"Sassauta murya, 'yata. Wata uku kina tanɗar baki, kina cewa kifin kasuwa ya gyaru."