Lasifikar Bakin Madafa

A karo na huɗu na ce ya ɗage lasifikar nan ya kai ta bakin madafa.

"Haba Baba!" in ji ɗana, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Ta baya kusa da kafaɗar mai kallo ake ajiye ta. Kana ɓata sautin."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗaga!"

Yau shekara guda da rasuwar uwarsa. Shinkafarta na kan teburin tunawa, cokali a tsaye cikin kwano, ƙofa a buɗe kaɗan domin ruhinta ya shigo, bisa al'adarmu. Ni kuwa tun kaka muryarta ke zille mini. Na zauna, na tashi, na sake zama.

"Cire wayoyin sauran lasifikoki huɗun," na ce.

"Biyar na ɗauko tun daga birnin Busan, Baba! Da na sani, da rediyo na sayo maka."

"Bakinka ya fi hannunka aiki. Kunna."

Bidiyon bikin girbi ne, na shekarun baya. Ba ta fito a ciki ba, don ita kullum tana wajen tukunya. Sai ga muryar ta taso daga bayanmu, daidai inda ta saba tasowa:

"Kai da ubanka, sai miyar ta huce za ku taso?"

Ban motsa ba. Shi, mai gardamar, tuni ya miƙe ya nufi madafa.

"Ga mu nan, Mama," ya ce.