Moton Ruwa a Bakin Telwa

Illiya ya danna maɓallin, moton ruwan bai ko yi tari ba.

Mahaifiyarsa Kadidia tana tsaye bayansa a bakin koramar Telwa, ta dunƙule gefen mayafinta a hannu. Ko ɗigo bai sauka a Agadas ba. Can cikin duwatsun Ayar aka sha ruwan sama, da hantsi sai ga korama ta iso ja wur, tana ruri, ta cika daga gaɓa zuwa gaɓa.

Mijinta Nomau yana tsakiyar wannan ruwa. Da safe ya tafi garkarsu da ke wani tudu a cikin koramar, ruwa ya rutsa da shi, ya hau bishiyar dabino. Daga can ya kira ta a salula, suka yi 'yar magana kafin layi ya yanke. Tun daga nan ba a sake samunsa ba. Daga gaɓa ana hango farar rigarsa kamar tsumma a cikin ganye.

Moton ba nasu ba ne. Wani ɗan kasuwa ya sayo shi a Libiya zai kai kogin Yamai, ya bar shi a garajin Nomau a duba masa wuta. Jiya ma ya tashi, duk unguwa ta ji ƙararsa. Da Illiya ya ji labarin mahaifinsa, ya fita da gudu neman masu taya shi turi, ya bar Kadidia ita kaɗai a garajin. Da suka dawo suka gangaro da shi a kan tayoyinsa har bakin ruwa.

Illiya ɗa ɗaya ne gare su. Ya iya wutar mota kamar ubansa, amma wannan inji bai taɓa buɗe shi ba, bai taɓa hawansa ba, iyo kuwa ko a kwatami bai iya ba.

Ya cire wurin zama ya leƙa ciki. Ya kankare bakin batir da wuƙa, ya ɗaure, ya danna. Shiru. Maƙwabcinsu Gambo ya kwance batir ɗin motarsa ya kawo, aka haɗa. Fitilar gaba ta kama, injin bai motsa ba.

"Yaro, ka dakata," in ji Gambo. "An kira pompiye, 'yan kwana-kwana."

"Kawu, pompiye da wane jirgi?"

Wata ƙatuwar bishiya ta wuce a gabansu, saiwoyinta a sama, bayanta mushen raƙumi yana juyawa. Mata suka ɗauki salati. Dabinon Nomau ya ɗan karkata. Bakin Kadidia yana motsi da addu'ar da ba wanda ke jin kalmominta.

Illiya ya buɗe akwatin fizibil, wato fis-fis ɗin wutar injin. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su ga rana, duka lafiyarsu ƙalau. Akwai ramukan da babu kome a ciki, irin waɗanda masu ƙera inji kan bari. Ya wuce su, ya bi wayoyi da yatsa har ƙarƙashin kan moton, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Inna, me Baba ya ce miki a salula? Bai ce akwai wani abin da ake taɓawa ba?"

"Ya ce yana riƙe da kyau," in ji ta, ta kau da kai.

Sai Illiya ya ɗauki turnabis na kwance kusoshi, ya haɗa bakin demarer, abin tada inji, da batir kai tsaye. Tartsatsi ya tashi, injin ya juya da ƙarfi, gur-gur-gur. Jama'a suka yi kabbara. Kadidia ta rufe ido. Injin ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, bai kama ba. Illiya ya sake, ya kuma sakewa, har batir ɗin Gambo ya mutu. Kadidia ta buɗe ido, ta zauna a kan rairayi.

Illiya ya yi jifa da turnabis ya nufi ruwa haka nan. Sai da maza uku suka danne shi, yana kuka yana kiran Baba.

Haka suka wuni, ido a kan farar riga. Duk lokacin da dabinon ya girgiza, Kadidia sai ta ji kamar ita ce a sama. Ba ta sha ruwa ba, ba ta saki mayafinta ba.

Telwa ba ta daɗe da fushi. Bayan la'asar rurin ya ragu, duwatsu suka fara leƙowa. Kafin rana ta faɗi aka ɗaure igiya, samari suka shiga ruwa iya ƙugu, suka sauko da Nomau, hannuwansa duk ƙaya, ƙafafunsa sun ƙage.

Illiya ya durƙusa gabansa. "Baba, ka yafe mini. Na yi iyakar ƙoƙarina, ya ƙi tashi."

"Na gani daga sama," in ji Nomau, ya dafa kansa. "Tashi ka samo mini ruwan sha."

Sai da yaron ya yi nisa Nomau ya juyo wajen matarsa, ya miƙa mata tafin hannu. Kadidia ta kwance ƙullin gefen mayafinta, ta ɗora masa wani ɗan baƙin rele mai ƙafafu huɗu na akwatin fizibil ɗin moton, wanda in babu shi inji ba ya kamawa.

"Sannu, Kadi," in ji shi a hankali. "Duk fargabata a kan bishiyar nan, kada a ce kin cire wanda ba shi na kwatanta miki ba, yaron nan ya tada moton ya faɗa ruwa."