Umarar Guduma

Wayar Nasir ta sake ruri tun kafin tasi ta gama kurɗawa cikin lungunan unguwar Hindawiyya a Makka. Bai ɗauka ba. Ya san Baba Sabi'u ne daga gadon asibiti a Kano, ya kuma san tambayar: an yi wa Guduma umarar?

Ba a yi ba. Jirginsu na komawa gida gobe ne, gwiwar Nasir kuwa ta kumbura suntum tun da ya gama tasa umarar, ko matakalar otal sai ya dafa bango. Dole a samo wanda zai yi a madadin mamacin.

Nasir shi ne shugaban Garwashin Fagge na yanzu, ƙungiyar kiɗan fank da sol wadda Baba Sabi'u mai busa ƙaho ya kafa da abokansa tun zamanin faifan garmaho da wando fantalo. Sun yi tashe a Kano, sun sha tafi a Injamena da Hartum, wasu garuruwan kuma jifa suka sha. Kaset ya zo ya wuce. Wasu suka mutu, wasu suka tuba suka kama sayar da atamfa, ƙungiya dai ta ƙi mutuwa. Wani ya fita a liƙa wani, kamar facin taya. Cikin 'yan farko Baba Sabi'u kaɗai ya rage.

Gurbin Guduma ne ya ƙi cikuwa. Shi ne makaɗin gangunansu na farko, bahago, mai wani salo na tsayar da kiɗa tsakiyar waƙa kamar ya manta, sai ya dawo ta inda ba a zata ba. Duk waɗanda aka gwada bayansa kwaikwayo suke yi, Nasir ma ya sani. A Hartum aka rabu da shi. Ya ce zai leƙa Makka ya dawo, ya hau jirgin ruwa, sai labari ya zo jirgin ya nutse. Ko hoton kirki bai bari ba, a bangon faifai ganguna sun rufe shi sai tulin gashi. Tun daga nan duk wasan da za su yi sai an ajiye kujera ba kowa a kanta. Yanzu da ciwo ya ci ƙarfin Baba Sabi'u, burinsa ɗaya ne, a ƙarasa wa abokinsa tafiyar da bai ƙarasa ba.

Direban tasin, Turki, haifaffen Makka ne, Hausarsa rabi Larabci. Ya dubi Nasir ya ce, "Halas, ya ahi, kwantar da hankali. Ammi Wada da zan kai ka wurinsa bai taɓa ƙin umarar mamaci ba. Tun kafin a haife ni yake nan. Mutumin Allah ne, ko rediyo ba ya kunnawa."

Suka same shi a bakin ɗan shagonsa na turare da carbi, dattijo siriri mai sanƙo. Ya zuba shayi ya miƙo da hagu, ya yi saurin sauya hannu kafin Nasir ya karɓa. Nasir ya kasa zama sosai, ya kasa tsayuwa, bayani kawai yake zubawa: ƙungiya, tsoho a asibiti, alkawari, jirgi gobe.

"Sunan mamacin?"

"Idris. Amma Guduma aka fi saninsa da shi."

Dattijon ya ajiye butar shayin.

"Wa ya ga gawarsa?"

"Teku ce fa, Baba."

"Shi Sabi'un, jikin ya yi tsanani?"

"Likitoci sun daina ɓoye mana."

Ammi Wada ya ɗauki carbi ya ajiye, ya gyara kwalaben turaren da ba su karkace ba. Can ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ɗana. Wannan kam ba zan iya ba."

Ran Nasir ya ɓaci ƙwarai. Wannan kallon ai ya san shi, tun ranar da ya fara rataya jita yake gamuwa da shi: an ga makaɗi, an ga ɗan wuta. Wato duk mamatan duniya sun cancanci ɗawafi, ban da wanda ya taɓa sa mutane rawa. Ya dire kofin ya ce, "Makaɗi ma musulmi ne, Baba. Makka kuma cike take da mutane." Ya ɗingisa zuwa mota. Turki, kunya ta kama shi, ya hau laluben lambar wani malami a unguwar Utaibiyya.

Sai ga dattijon ya biyo su, ko takalmi babu.

"Kada ka ba kowa."

"Kai ka ƙi, kuma ka hana?"

Wayar ta sake ɗaukar ruri. Nasir ya dubi sunan, idonsa ya ciko, don bai san da wane baki zai gaya wa mai jiran mutuwa cewa ya kasa ba.

Ammi Wada ya ɗora hannun hagu a kan rufin motar. Yatsun suka fara bugu a hankali, suka ƙara wuta, suka tsaya cak kamar sun manta, sannan suka dawo ta inda Nasir bai zata ba. Salon Guduma ne sak.

"Ɗauki wayar," in ji dattijon. "Ba a yi wa mai rai da ƙafafunsa umara. Ka ce wa Sabi'u ya ɗauke kujerar nan, na iso tun tuni."